Wiwin zare, rama, jema ko kwashe ƙasa: wanne ya dace da filin da ƙarafa masu guba suka gurɓata?

Duk wanda yake da gona kusa da inda ake niƙa dutsen zinariya, ko fadamar da ta daɗe tana shan ruwan masana'antun jima, ko kangon da aka shekara ana fasa batirin mota ana narka dalmarsa, tambayarsa ɗaya ce: me zan yi da ƙasar nan? A 'yan shekarun nan an yi ta yaɗa cewa akwai shukar da take tsotse guba daga ƙasa, wato wiwin zare. Jinsinsa ɗaya da tabar wiwi, sai dai an zaɓi irinsa ne don kara da zare da ƙwaya, kuma sinadarin da ke sa maye, THC, ba ya wuce kashi 0.3 cikin 100 bisa dokar Amurka da ta Tarayyar Turai. Maganar tana da tushe. A Italiya dokar noman wiwin zare ta 2016 ta ambaci gyaran gurɓatacciyar ƙasa cikin abubuwan da ake shuka shi dominsu, kuma an shuka shi a gonakin da ke kewaye da babbar masana'antar ƙarfe ta Taranto. Amma abin da shukar take iya yi bai kai abin da ake faɗa a kanta ba, kuma akwai wasu hanyoyi huɗu da ya kamata a jera ta da su kafin a kashe ko sisi.

Abubuwan da za a duba kafin zaɓi

Na farko, wane ƙarfe ne a ƙasar? Ba halinsu ɗaya ba. Kadmiyam da zinki da nikel suna narkewa a ruwan ƙasa, saiwa ta ɗauke su, su hau har ganye. Dalma kuwa tana manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, ɗan abin da shuka ta ɗauka yawanci a saiwa yake tsayawa. Kuromiyam na ruwan jima ma haka yake, ba ya son hawa kara. Zaiba, wadda masu wanke zinariya suke kama garin zinariyar da ita, shuka ba ta tara ta yadda za a girbe.

Na biyu, nawa ne, kuma zurfinsa ina ya tsaya? Ido ba ya ganin wannan, sai gwaji. A gona, a bi filin a karkace a ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a gauraya a bokitin roba, a ɗebi rabin kilo a kai ɗakin gwajin ƙasa na jami'a ko cibiyar binciken noma. Kada a yi amfani da bokitin kwano ko tsohon gwangwanin fenti, domin zinki da dalmar jikinsu za su ɓata sakamakon. A tsakar gida kuwa saman ƙasa ake ɗiba, santimita 2 zuwa 5, tunda shi ne yara suke wasa a kai. A nemi a auna tsamin ƙasar, wato pH, a lokaci guda.

Na uku, wa yake taɓa ƙasar kullum? Filin da ke nesa da gari yana iya jiran shekaru. Tsakar gidan da yaro yake rarrafe yana kai hannu baki ba ta iya jiran ko wata guda.

Na huɗu, me doka ta ce. Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi: ina abin da aka girbe zai tafi? Ƙarfe ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa. Shuka wuri kawai take sauya masa, daga ƙasa zuwa ganye.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya hau kan duk zaɓuɓɓukan. In ba a tsayar da mafarin gubar ba, ko ruwan kwatar masana'anta ne da ake ban-ruwa da shi ko injin niƙan dutse ne a bakin gona, duk abin da aka yi zuba ruwa ne a rariya.

Lissafin da ke raba gardama

Hekta ɗaya, in aka ɗauki saman ƙasa zurfin santimita 20, nauyinta ya kai kusan tan 2,600. A ce gwaji ya nuna dalma miligiram 1,000 a kowane kilo na ƙasa. Ke nan akwai dalma kilo 2,600 a filin. A ce shuka ta ba da busasshen kara da ganye tan 10, kuma a yi mata kyakkyawan zato cewa kowane kilo yana ɗauke da dalma miligiram 50. Abin da aka fitar a damina guda rabin kilo ne. Rabin kilo daga cikin 2,600. Jikokin jikoki ma ba za su ga ƙarshen aikin ba.

Kadmiyam ya fi ba da fata, domin ɗan kaɗan ne yake gurɓata ƙasa kuma shuka tana ɗaukarsa. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2002 ya sami wiwin zare yana fitar da kadmiyam giram 126 a hekta a noma ɗaya. In ƙasa tana da miligiram 3 a kilo ana son saukar da ita zuwa 1, sai an fitar da kilo 5.2, wato noma kusan 41 a jere. Ya fi na dalma nesa ba kusa ba, amma har yanzu aikin rayuwar mutum guda ne. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba za a sayar masa da iri da sunan wankin ƙasa ba.

Wiwin zare

Ƙarfinsa na gaskiya shi ne juriya. Yana girma a ƙasar da ta gurɓata matsakaici ba tare da amfaninsa ya faɗi sosai ba, yana kai mita 2 zuwa 4 cikin kwana 100 zuwa 120, yana rufe ƙasa da inuwa har ciyawa ta kasa tashi, saiwarsa tana nitsewa fiye da mita ɗaya inda ƙasa ta yi laushi. Binciken Jamus ɗin nan ya nuna ƙarafan ba su rage ingancin zaren ba. Ke nan mai gona yana samun abin sayarwa wanda ba abinci ba daga filin da bai kamata a noma abinci a kai ba. A nan amfaninsa yake.

Don zare ana shuka shi a cushe, iri kilo 40 zuwa 60 a hekta, zurfin santimita 2 zuwa 3, layuka kusa da juna, don karan ya miƙe siriri ba rassa. Yana son ƙasa mai tsane ruwa, pH tsakanin 6 da 7.5, da takin naitirojin kimanin kilo 80 zuwa 120 a hekta. Kwanciyar ruwa a makonnin farko tana kashe shi. A Turai, inda Faransa ta fi kowa noma shi, busasshen kara yakan kai tan 6 zuwa 10 a hekta.

Matsalolinsa uku ne, kowace da nauyinta. Ta farko tsawon yini. Yawancin irin Turai suna fara fure da zarar hasken yini ya gaza kusan awa 14. A Kano ko Kumasi yini ba ya kai awa 13 ko a lokacin da ya fi tsawo, don haka irin da ya kai mita 3 a Faransa zai yi fure a nan cikin 'yan makonni tun yana iya gwiwa, ya tsaya. Ba kara, ba zare, ba tsotsar komai. Sai irin da aka samar a ƙasashe masu gajeren yini, kamar na lardin Yunnan a kudancin Sin.

Ta biyu ganye. A cikin abin da ke saman ƙasa, ganyen ne ya fi tara kadmiyam da zinki. To wiwin zare yana zubar da ganyen ƙasa-ƙasa tun yana tsaye, sannan yadda aka saba bayan yanka shi ne a bar karan shimfiɗe a gona makonni raɓa ta ruɓar da ɓawon don zaren ya rabu. A wannan zaman ganyen yana kakkaɓewa ya koma ƙasa da ƙarfen da ya ɗauko. Wanda yake son rage guba dole ya yanka da wuri, a farkon fure, ya kwashe kara da ganye gaba ɗaya daga filin, ya ruɓar da shi a kan daɓen siminti inda za a share abin da ya zuba. Wannan ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, kuma ba kasafai masu tallan iri suke faɗarsa ba. Ƙwayar da manta ba a ci, ba a ba kaji. Zaren ya tafi allunan gini da kayan cikin mota da bulon da ake haɗawa da tsakiyar karan, kada ya tafi tufafi ko shimfiɗar dabbobi.

Ta uku doka, kuma ga yawancin masu karanta wannan ita ce ta rufe ƙofar. A Najeriya dokar wiwi ta 1966 da dokar NDLEA ba su bambanta wiwin zare da na sha ba. Noma shi laifi ne mai ɗaurin shekaru, kuma jami'in da ya shigo gonarka ba zai tsaya auna THC ba. A Nijar ma haramun ne. Ghana ce ta buɗe hanya: dokar 2020 ta ba da damar lasisin noman wanda bai wuce kashi 0.3 ba, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda yadda aka bi aka shigar da shi, majalisa ta sake amincewa da shi a 2023. Ko a can sai da lasisi, kuma in gwaji ya nuna amfanin ya haura iyaka, an yi asarar noman shekarar.

Rama

Kusan duk abin da ake nema a wiwin zare rama tana yi, kuma ita 'yar gida ce. Tana kai mita 3 zuwa 4 cikin wata 4 zuwa 5, ta saba da yininmu da zafinmu, irinta yana kasuwa, ba mai tambayarka lasisi. Akwai ingantattun iri na zare da cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ta fitar. Halinta da ƙarafa kusan ɗaya ne da na wiwin: tana ɗaga kadmiyam da zinki zuwa ganye, tana barin yawancin dalma a saiwa. Lissafin shekarun da aka yi a sama ya hau kanta ita ma. Ana shuka ta a cushe da faɗuwar damina, in aka makara sai ta yi fure tun ba ta yi tsawo ba.

Haɗarinta daga saninta da muka yi ya fito. Ba wanda yake ganin wiwi ya tsinka don miya, amma rama kowa ya ganta ya ga kwaɗo. Mata za su tsinki ganyen, yara su kai talla, akuya ta ci wanda ya rage, alhali ganyen ne matattarar gubar. Ma'aunin abinci na duniya ya sa iyakar kadmiyam a ganyayen ci a miligiram 0.2 a kilo, dalma 0.3, kuma ganyen da ya fito daga gurɓatacciyar ƙasa yana iya haura wannan ba tare da launinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya ba. Don haka gonar rama ta irin wannan aiki sai da shinge, sai kuma an sanar da mai unguwa da maƙwabta dalilin shukar. Abu na biyu, jiƙa kara. An saba ɗaure karan rama dami-dami a danne shi da duwatsu a kududdufi kamar mako biyu kafin a saɓe zaren. In daga irin wannan gona ya fito, kududdufin da shanu suke sha aka kai wa gubar. A haƙa ramin jiƙo na daban, a shimfiɗa masa leda mai kauri, a bar ruwan ya ƙafe, a kwashe laka a binne.

Jema

Ciyawar jema ba ta yi alkawarin fitar da komai ba, aikinta riƙewa. Saiwarta tana nitsewa tsaye kamar raga, mita 2 zuwa 3 ko fiye, ta ɗaure ƙasa yadda ruwan sama ba zai kwashe ta zuwa rafi ba, ganyenta ya hana iska tayar da ƙura. A wurin dalma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙura ce babbar hanyar da take shiga jikin yara. Tana jure tsami da gishiri da fari da yawan ƙarafa fiye da rama da wiwi, har a kan tulin dusar ma'adinai, wato ragowar dutsen da aka niƙa, inda ba abin da yake tsirowa. Akwai tamu ta fadama da ake saƙa da rufi da ita, akwai kuma 'yar'uwarta ta Indiya wadda aka fi amfani da ita a wannan aiki don ba ta zubar da iri ta mamaye gonar maƙwabci.

Ana dasa ta ne da rabe-raben gindi, tsiro 2 zuwa 3 a rami, tazarar santimita 10 zuwa 15, a layi mai gicciye gangare, a farkon damina. A zuba taki a ramin, a shayar in ruwa ya ɗauke a makonnin farko. In ta kama, shekaru take yi. Kuɗinta kaɗan ne, yawanci na ƙwadago. Rauninta: ba ta kawo kuɗin kirki, ba ta son inuwa, shanu suna cin sabon tofonta, kuma gubar tana nan a ƙasa. Ranar da aka tuge ta aka yi huɗa, an koma gidan jiya.

Ɗaure gubar a cikin ƙasa

Nan ba a fitar da ƙarfen, ana sa shi ya kasa narkewa ne. Garin dutsen laim, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don siminti, yana rage tsamin ƙasa. In pH ya kai 6.5 zuwa 7, kadmiyam da zinki da dalma suna raguwa sosai a ruwan da saiwa take sha. A ƙasa mai yashi tan 1 zuwa 3 a hekta yakan isa, gwajin tsami ne zai faɗi adadin, a gauraya shi da ƙasa makonni kafin shuka. Takin sufa yana haɗuwa da dalma su zama wani ma'adini mai wuyar narkewa. Gawayin buntun shinkafa da ruɓaɓɓen taki suna kama ƙarafa a jikinsu, sai dai ana buƙatarsu da yawa, tan 10 ko fiye a hekta.

Hanyar tana aiki cikin damina ɗaya, kuma kuɗinta matsakaici ne. Amma tana da tarko. In akwai asenik, wani sinadari mai guba, a ƙasar, kamar yadda ake samu a wasu wuraren haƙar zinariya, sufa da laim suna iya sakin sa maimakon ɗaure shi. Wannan ya sa gwajin farko ya zama dole. Sannan tsami yana dawowa da ruwan sama da takin yuriya, sai an sake zuba laim bayan 'yan shekaru. Kuma a lura, in ana son shuka ta tsotsi kadmiyam, laim yana rage tsotsar. Dole a zaɓi ɗaya, ko ɗaurewa ko fitarwa.

Kwashe ƙasa a kawo sabuwa

Wannan hanya ce da take raba mutane da guba cikin kwanaki, kuma a ƙasarmu aka gwada ta. Bayan gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, wadda aka gano a 2010, an tsabtace ƙauyuka 8 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta da 'Yargalma da Bagega, aka kammala a 2013. An kwashe ƙasa da dusar dutse fiye da kubik mita 27,000. Yawancin aikin mutanen garuruwan ne suka yi da fartanya da shebur da buhu: a auna da XRF, na'urar hannu mai nuna yawan ƙarfe a ƙasa, a kankare saman ƙasa 'yan santimita, a sake aunawa, a kai abin da aka kwashe ramin da aka keɓe a binne, a shimfiɗa tsabtatacciyar ƙasa a daddaɓe. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun dage a fara tsabtace gida kafin maganin fitar da dalma daga jinin yaro ya yi amfani mai ɗorewa, domin in ya koma kan ƙasar nan zai sake haɗiya. Ba a tsaya shuka wani abu ana jira ba.

A gona lissafin daban ne. Kankare santimita 5 daga hekta ɗaya kubik mita 500 ne, tifa 50 mai ɗaukar kubik 10. In garma ta riga ta juya gubar zuwa santimita 20, tifa 200 ce fita, wasu 200 shigowa, kuma ƙasar da ta fi albarka ce aka zubar. Ga buƙatar rami mai nisa da rijiya da rafi. Ma'aikata su yayyafa ruwa kafin kankara, su rufe hanci, su sauya kaya kafin shiga gida. In aka sake kawo dutse ana daka shi a tsakar gida, duk aikin ya rushe.

| Zaɓi | Kuɗi | Lokaci da ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Wiwin zare | Mai yawa: iri, lasisi, injin zare | Noma duk shekara, kadmiyam shekaru da dama, dalma ba ta fita | Wuya a yankinmu | Doka, ganye ya koma ƙasa |
| Rama | Kaɗan | Daidai da wiwi | Mai sauƙi | A ci ganyen. Ruwan jiƙo |
| Jema | Kaɗan | Ta kama cikin damina 1 zuwa 2, ta yi shekaru | Mai sauƙi | Gubar tana nan, kiwo |
| Laim, sufa, gawayi | Matsakaici | Damina ɗaya. Sai an maimaita | Matsakaici, sai da gwaji | Sakin asenik. Dawowar tsami |
| Kwashe ƙasa | Mafi tsada | Kwanaki. Ya ɗore in an tsare | Ƙwadago mai yawa | Ƙura. Ramin binnewa |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In tsakar gida ce, ko filin makaranta, ko wurin da aka fasa batir a cikin unguwa, kuma dalma ta haura miligiram 400 a kilo, kwashe ƙasa ne ko rufe ta da siminti ko tsabtatacciyar ƙasa mai kauri, tare da kai yara a auna jininsu. Shuka ba ta da gurbi a nan.

In tulin dusar ma'adinai ne ko gangaren da ruwa yake wankowa zuwa rafi da gonaki, jema ce, a layi-layi, da shinge.

In gona ce mai faɗi da ta gurɓata kaɗan ko matsakaici da kadmiyam ko zinki, irin fadamun da suka sha ruwan kwata, kuma mai ita yana iya haƙura da noman abinci a kai, rama don zare ta fi dacewa a Najeriya da Nijar, bisa sharaɗin shinge da kwashe ganye da ramin jiƙo na daban. Ganyen da aka tara a binne shi a rami mai shimfiɗa. Kada a ƙone shi a fili, domin kadmiyam yana bin hayaƙi kuma tokar tana tattara saura, kada kuma a yi taki da shi.

In dole ne a ci daga gonar don babu wata, a ɗaure gubar da laim da taki bayan gwaji, a bar alayyafo da latas da kabeji da karas, a koma masara ko dawa da kayan lambu masu 'ya'ya kamar tumatir, waɗanda abin da ake ci a jikinsu ya fi nisa da ƙasa. A wanke komai sosai, a kai samfurin amfanin gwaji a girbin farko.

Wiwin zare kuwa na mai lasisi ne a ƙasar da ta halatta shi, kamar Ghana ko ƙasashen Turai, wanda ya sami irin da ya dace da tsawon yinin wurinsa, kuma ya riga ya ƙulla da masana'antar da za ta sayi karan tana sane da inda ya fito. A sake auna ƙasar duk bayan shekara 2 zuwa 3, daga wuraren da aka ɗiba da farko kuma a zurfi ɗaya, don a ga ko adadin yana sauka.